Agogona ya ce daƙiƙa 19, clock() ya ce 2

Na rubuta wata 'yar manhaja da yaren C, aikinta ta karanto manyan fayiloli daga faifai ta jera abin da ke ciki. Nawarta ta dame ni, sai na ce bari in auna. Na ɗauko clock(), umarnin auna lokaci da ke cikin laburaren C mai suna time.h, na kira shi a farkon aiki da ƙarshensa, na ɗebe na farko daga na biyu, na raba da CLOCKS_PER_SEC, wato adadin bugun clock() a daƙiƙa ɗaya.

A ƙaramin fayil ɗin gwaji sifili na samu. Wannan kuskurena ne, cikakkiyar lamba na raba da cikakkiya, ragowar ta zube. Da na mayar da lambar double, wato nau'in lamba mai riƙe ragowa, sai ta daidaita.

Babban fayil ɗin ne ya ɗaure mini kai. Ina riƙe da agogo a hannu, na ga daƙiƙa 19 sun wuce, allo kuma ya nuna 2.1. Na maimaita sau uku, bai canza ba. Sai da na nutsu na karanta bayanin laburaren na gane cewa clock() lokacin da furosesa, ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta, ya yi wa manhajar aiki kaɗai yake ƙirgawa. Duk zaman da ta yi tana jiran faifai ba ya cikin lissafi. Don in tabbatar, na saka sleep(5), umarnin da ke sa manhaja ta dakata daƙiƙa 5, tsakanin kiran biyu, lambar ko motsi ba ta yi ba. Ashe daƙiƙa 17 ɗin nan da na ɗauka ɓata ne su ne amsar da nake nema: jerawar lafiyarta ƙalau, karatun faifai ne ke cin lokaci. Da tuni na ɓata kwanaki ina gyaran inda ba ciwo.

Daga baya na ga akasin haka. Na raba wani lissafi mai nauyi ga zare huɗu, wato sassan manhaja huɗu masu aiki lokaci guda, ya ƙare cikin daƙiƙa 2 da ɗoriya, clock() ya ce 8, domin yana tara na kowane zare. A Windows kuwa clock() na Microsoft lokacin agogo yake bayarwa. Kuma inda clock_t, nau'in lambar da clock() ke bayarwa, ke da bit 32, tunda POSIX, ƙa'idar tsarukan aiki irin na Unix, ya tsayar da CLOCKS_PER_SEC a 1,000,000, lambar takan cika ta koma farko bayan kusan minti 72.

Yanzu lamba biyu nake bugawa a jere da wani umarnin, clock_gettime, ɗaya ta CLOCK_MONOTONIC (lokacin da ya wuce a agogo), ɗaya ta CLOCK_PROCESS_CPUTIME_ID (lokacin aikin furosesa), tazarar da ke tsakaninsu nake fara dubawa.