Tulin tubalin da na gani a Karnak

Ina aji huɗu a sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, Allah ya kai ni Luksor, garin da ke zaune a kan kufan Tebes, babban birnin Fir'aunan Masar lokacin da daularsu ke ganiyarta. Duwatsu na je gani, na kuwa gan su. A babban zauren haikalin Karnak, tsohon wurin bautar Fir'auna da ke garin, ginshiƙai 134 ne, 12 na tsakiya sun kai mita 21. Sai da na zauna na zana su a littafina na gane hikimar: an ɗaga rufin tsakiya ya ɗara na gefe, ratar da ke tsakani aka mai da ita tagogin dutse, haske na saukowa ta sama.

Amma abin da ya zauna mini a rai yana bayan babbar ƙofar shiga, wadda ba a ƙarasa gininta ba. Wani tulin tubalin laka ne jingine da bango, baƙi na wucewa ko kallonsa ba sa yi. Ashe ragowar gangaren da magina ke jan duwatsu a kai ne, aiki ya tsaya ba a kwashe shi ba. Katangar da ta kewaye haikalin ma ta laka ce. Gidajen talakawa, har fadojin sarakuna, duk laka, shi ya sa yawancinsu suka zube aka bar ɗakunan bauta a tsaye.

Kunya ta kama ni. Shekara huɗu ina zana siminti da rodi, ban taɓa shiga da ma'auni tsohon masallacin Juma'a na birnin Zariya ba, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830. Ina dawowa na je. Na daɗe a ƙarƙashin bakan gizon nan, wato lanƙwasassun daurin da ke riƙe da rufi, ina bin yadda aka ɗaure azara a cikin ƙasa har rufi ya tsaya.

Wani dattijon magini na tambaya me ke kashe ginin ƙasa. Ya ce, "Yaro, sakaci. Ka gyara indararo, ka yi yaɓe kafin damina, jikanka ma zai kwana a ciki."

A makon na sauya aikin kammala karatuna zuwa ginin ƙasa. Duk Asabar ina wurinsa da safe, ya fara da koya mini kwaɓa ƙasa da ƙafa.