Sikirin marar sheƙi ba ya cinye haske, watsa shi yake yi

Duk wanda na tuntuɓa kafin in canza laftof amsa ɗaya ya ba ni: in dai aiki za ka yi, ɗauki marar sheƙi, mai sheƙi na 'yan kallon fim ne. Haka kuwa na yi. Har yanzu in na tuna wannan shawarar sai raina ya ɗan sosu, domin rabin magana ce aka faɗa mini, kuma rabin da aka bari a baya shi ya ci mini kuɗi da lokaci.

Aikina tsara takardu ne da gyaran hotuna, wuni nake yi gaban kwamfuta, kuma in na zauna a teburina akwai taga a bayana, ta wajen kafaɗata ta dama. Tsohuwar laftof ɗina mai sheƙi ce. Da zarar na buɗe hoto mai duhu sai in ga fuskata, in ga tagar da labulenta, in ga duk wanda ya gitta a bayana. Gilashi mai santsi yana maido da wajen kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. A baki kaɗan ne, amma hasken rana da ke shigowa ta taga ya ninka na sikirin nesa ba kusa ba, don haka kashi 4 ɗinsa ya isa ya danne rubutu. Abin da ya fi gajiyar da ni kuma shi ne ido ba ya samun wurin tsayawa. Rubutun yana kusa, hoton tagar kuma a wurin ido can nesa yake, a bayan gilashin, sai ya yi ta kai-komo tsakanin su biyun. Kafin yamma goshina ya ɗau zafi.

To, sabuwa ta zo, marar sheƙi. Fuskata ta ɓace, tagar ma ta ɓace, na ce alhamdulillahi, an rabu da Bukar. Ashe an haifi Habu. Da hantsi ya ɗaga sai baƙin da ke kan sikirin ya koma ruwan toka, ja ya koɗe, komai ya zama kamar ana kallonsa ta bayan labule mai shara-shara. Na ƙure hasken har ƙarshe, babu wani canji na a zo a gani. Na shiga saituna ina juya launi, na sabunta manhajar da ke kula da hoto, duk a banza, domin matsalar ba a can take ba.

Abin da babu wanda ya zauna ya yi mini bayaninsa shi ne yadda rufin da ke fuskar sikirin ke aiki. Fuskar sikirin marar sheƙi an yi mata kaushi ne da gangan, 'yan tudu da kwari ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Hasken taga in ya faɗo a kai, maimakon ya dawo a dunƙule ya zana maka taga mai kusurwa huɗu, sai ya tarwatse ta kowane ɓangare. Hasken yana nan bai je ko'ina ba, shimfiɗa shi aka yi a kan faɗin sikirin. A kan mai sheƙi, in ka ɗan sunkuyar da murfin ko ka gyara zama, kana iya kawar da hoton tagar daga inda kake karatu. A kan marar sheƙi babu wurin gudu, hazon na bin ka duk inda ka juya. Abu ɗaya ne ke iya rinjayarsa, ƙarfin hasken sikirin kansa.

Nan ne na koma kan takardar bayanin kwamfutar na ga lambar da ido ya tsallake tun farko: nit 250. Nit shi ne ma'aunin ƙarfin hasken sikirin, kuma 250 na ɗaki ne mai labule a sake. A gefensa an rubuta 45% NTSC, wani ma'aunin launi, wanda ke nufin launukan da yake iya nunawa wajen kashi biyu cikin uku ne kawai na ma'aunin sRGB da akasarin hotunan intanet ke bi. Sai wanda ya kai 72% NTSC ne ke kusan cike sRGB. Wato sikirin dishi-dishi, mai ƙarancin launi, aka lulluɓe da rufi mai watsa haske, aka buga masa tambarin "na ma'aikata". Abin haushin ma, samfurin laftof ɗaya mai suna ɗaya ana fitar da shi da sikirin iri biyu ko uku, a saka girman RAM da sunan firosesa da manyan baƙaƙe, lambar nit kuma a cusa ta can ƙasa, in ma an rubuta ke nan.

Abin da ya ƙarasa rikita mini lissafi wata abokiyar aikina ce da ta zo da tata laftof ta ajiye a kan wannan teburin, gaban wannan tagar. Mai sheƙi ce, irin wadda aka ce mini ba ta aiki ba ce. Sai ga rubutu tar, baƙi na nan baƙi ƙirin, hoton tagar kuma ya dushe ya zama wata inuwa mai ɗan shuɗi-shuɗi. Dalili biyu ne. Haskenta nit 500 ne, ninki biyu na tawa. Sannan gilashinta na da wani shafe na daban, irin wanda ake yi wa tabarau da ruwan tabarau na kyamara: siraran shimfiɗu ne da ke sa hasken da zai dawo ya kashe junansa, ba tare da an yi wa fuskar kaushi ba. Ashe mai sheƙi ma suna suka tara. Akwai wanda madubi ne zalla, irin tsohuwata, akwai kuma wanda aka yi wa wannan shafen, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin mai sheƙi mai kyau da marar sheƙi mai kyau.

Wannan gardamar ba yau aka fara ta ba. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanoni suka rungumi sheƙi da sunaye masu daɗin ji, Dell da TrueLife, HP da BrightView, Sony da XBRITE, Toshiba da TruBrite, domin in an jera kwamfutoci ana baje koli, mai ƙyalli ce ke fara jan ido. Apple ya fito da MacBook mai sheƙi a 2006, a 2008 ya rufe fuskar MacBook Pro da gilashi, masu aikin hoto suka yi ca, a 2009 ya dawo da zaɓin marar sheƙi. Daga baya ya ɓullo da gilashin da ake sassaƙa wa kaushi mai laushi ƙwarai, wanda ya fara da babban sikirin Pro Display XDR a 2019, ya iso MacBook Pro a 2024. Laftof ɗin ThinkPad na Lenovo kuwa tun da can akasarinsu marasa sheƙi ne. Da a ce ɗaya ya fi ɗaya a kowane hali, da tuni an daina yin ɗayan.

Akwai wata illar marar sheƙi da sai da na daɗe kafin in gane sunanta. Rufin ba hasken waje kaɗai yake watsawa ba, har da wanda ke fitowa daga ciki. Shi ya sa a kan farin shafi ake ganin wani ɗan yashi-yashi mai ƙyalƙyali, gefen baƙaƙe kuma ya rasa kaifi. Mai buga wasiƙa ba zai damu ba. Ni da nake ƙoƙarin tantance ko hoto ne ke da ɗigo-ɗigo ko sikirin, ya hana ni sakat. Na kuma gwada manna wa tsohuwar ledar nan mai kashe sheƙi. Ƙura ta maƙale a ƙarƙashi, iska ta yi ƙuraje, haske ya ragu, na ɓare ta.

Yanzu in wani ya tambaye ni, ba na fara da sheƙi ko rashinsa. Ina tambayarsa inda yake zama, da inda taga da ƙwan lantarki suke. In ɗaki ne mai duhu-duhu da kake da iko da labulensa, mai sheƙi zai ba ka launi da kaifin da marar sheƙi ba zai iya ba, balle in irin sikirin nan ne da ake kira OLED, wanda baƙinsa kashe ɗigon haske ne gaba ɗaya. Sai dai ka sani akasarin OLED da masu taɓawa da yatsa gilashi ne a samansu, kuma wannan baƙin da ake yabo yana narkewa da zarar taga ta haska shi, ga shatin yatsu. In kuwa yawo kake da ita, yau ofis mai fitilu a sama, gobe kusa da taga, marar sheƙi ya fi sauƙin zama da shi, amma kada ka yarda da ƙasa da nit 300, in da hali ma 400. Batir zai ji a jikinsa in kana ƙure haske, wannan kuma babu makawa.

Gwajin da na koya ba ya cin minti ɗaya. A kashe sikirin, ka haska masa tocilan ɗin wayarka. In ka ga ɗigo fari mai kaifi, madubi ne. In ɗigon ya dushe ya yi launin shuɗi ko kore ko ruwan hoda, akwai shafen nan mai kyau. In ya baje ya yi faɗi, kaushin mai yawa ne, ka sa ran hazo. In ya baje kaɗan, mai laushi ne. Daga nan a kunna, ka buɗe baƙin hoto da farin shafi mai ƙananan rubutu, ka juya wa haske baya ka duba. Hotunan furanni da ake sakawa don talla ba za su gaya maka komai ba. Kuma kowanne ka ɗauka, kada ka fesa masa ruwan goge gilashin taga, yana cin shafen. Ƙyalle mai laushi da ɗan damshin ruwa ya wadatar.

Ni dai a ƙarshe marar sheƙi na sake ɗauka, amma mai nit 400 da cikakken sRGB, na kuma juya teburin yadda tagar ta koma gefena sosai. Mai nit 250 ɗin na sayar da ita da faɗuwa. Wanda ya saya RAM ya tambaya, ya tambayi firosesa da lafiyar batir, bai ce uffan kan sikirin ba. Ni na tsayar da shi na nuna masa lambar, na ce ya fita da ita bakin ƙofa ya duba. Ya duba, ya ce shi da dare yake aiki, ya ƙirga kuɗinsa ya ba ni.