Laskar, ’yan ƙwadagon jirgin ruwan Turawa

Jiya ina Kantin Kwari ina kallon ’yan dako suna sauke diloli a cikin ranar nan ta Kano, kawai sai laskar suka faɗo min a rai. Haka ake kiran mutanen Indiya da maƙwabtansu da suka yi aiki a jiragen ruwan Turawa tun zamanin kamfanin East India na Ingila mai fatauci a Indiya, asalin kalmar ma Farisanci ce, lashkar, wato runduna.

Wallahi sun sha wuya, aiki iri ɗaya da Bature amma kuɗinsu bai kama ƙafar nasa ba, ga shi kuma sai ta hannun serang, shugabansu, kamar dai ɗan kamasho, sai ya yanki nasa tukuna. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 jiragen kwal suka yawaita, su ake turawa can ƙasa ɗakin inji suna zuba kwal a wuta a zafin Bahar Maliya, mu da muke kukan zafin Afrilu a inuwa fa! Da yawansu Musulmi ne ’yan Silet ta Bangaladash ta yanzu.

Wasu in an isa Landan sai a watsar da su ba kuɗin komawa, ga sanyi, har aka buɗe musu masauki a unguwar Laimhaus a 1857.