Ziyarar da muka kai wa Bakhita a El Obeid

Lokacin da nake aikin jinya a Khartoum, kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ni da wasu 'yan'uwa Katolika muka ɗaura niyyar zuwa El Obeid, wani gari a Sudan, domin bikin Waliyyiya Josephine Bakhita, wanda ake yi ranar 8 ga Fabrairu. Kabarinta yana Schio ta ƙasar Italiya, inda ta rasu a 1947. Amma a El Obeid ta sha baƙar azabar bauta tana yarinya, bayan an sato ta daga Darfur. A garin aka tsattsaga jikinta da aska wuri 114, aka cusa gishiri a ciki. Shi ya sa muka zaɓi can.

Tun daga gida muka fara. Daga 30 ga Janairu muka shiga addu'ar kwana tara, kowa da buƙatarsa ɗaya tak, kamar yadda Fada ya ba mu shawara. Na ga amfanin hakan, domin wanda ya kwaso buƙatu goma yakan isa wurin zuciyarsa a rarrabe. Tawa a kan wata ƙanwata ce da dillalai suka yaudara da sunan aikatau a ƙasar waje.

Mun bi ta Kosti. Masaukinmu gidan wani dattijo ne Bahaushe, Musulmi, jikan mutanen da suka taso daga Kano a ƙafa da nufin Makka, guzuri ya ƙare suka zauna. Da na gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya ce, "'Yata, ai mai ziyara baƙon Allah ne." Na ce, "Haka ne, Baba." Da asuba shi ya tashe mu, matarsa ta haɗa mana shayi da kisra (siririn burodin dawa na Sudan), ta cika mana gora da zoɓo.

A babban cocin El Obeid akwai zanen Uwa Maryamu riƙe da Yesu, ga Bakhita da Daniel Comboni, bishop ɗan Italiya da ya yi aikin bishara a Sudan, a gefe. Da Larabci aka yi Mas, galibin jama'ar mutanen duwatsun Nuba ne da 'yan Sudan ta Kudu. Larabcina na asibiti ne, bai kai na wa'azi ba, amma tsarin ibadar ɗaya ne da namu na Zariya, don haka ban ɓata ba. Da aka zo Rosari, suna ja da Larabci, ni ina amsawa ƙasa-ƙasa da "A gaishe ki Maryamu". Wata tsohuwa kusa da ni carbinta ya tsinke an ɗaure da zaren buhu, ƙwayoyin sun yi sulɓi saboda ja. Ta durƙusa a kan siminti tun farko har ƙarshe, ko motsi ba ta yi ba. Daga ranar na daina saurin jan Rosari.

Wani abin da na koya shi ne a isa tun jajibiri. Layin furta zunubi yana da tsawo, firistoci kuma kaɗan ne, wanda ya zo da safiyar biki da wuya ya samu kafin Jibi.

Paparoma John Paul na Biyu ya zo Khartoum a 1993, ya kuma ayyana Bakhita waliyyiya a 2000. Yanzu ranarta ce ranar addu'a kan fataucin mutane a duk duniya. Yaƙi ya hana ni komawa, ban kuma sake jin labarin Baba ba. Duk ƙarshen Janairu nakan tara matan zumunta a nan Zariya mu yi kwana taran, muna sa shi da iyalinsa da mutanen El Obeid a ciki.