Godiya: jiya aka yi mini allurar ƙarshe

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Jiya bayan sallar isha'i aka yi mini allurar ƙarshe ta hefarin, mai hana jini dunƙulewa, sati shida cif da haihuwa, kamar yadda likita ta gindaya. Yaya, uwargidanmu, ta zare ta daga fatar cikina ta jefa a tsohuwar jarkar da muke tara su tun cikin bai kai wata biyu ba. Ta ɗaga jarkar ta girgiza, sirinjin nan suka yi ƙara kamar caki. Muka tuntsire da dariya, ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba.

Idona kamar an zuba yashi don rashin barci, amma na ce yau ko ta halin ƙaƙa sai na yi godiya. Ba zan maimaita labari ba, kun bi mu tun ɓarin farko har na uku. Abu guda ne ban taɓa faɗa a fili ba, yau na nemi izinin maigida zan faɗa.

Lokacin da nake da ciki na uku ne, ranar awon farko. Malamar awo ta ja ni gefe, ta rage murya, ta ce gwajin jinina ya nuna alamar tunjere. Ni da sunan ciwon ma a bakin tsofaffi kawai nake jin sa. Na ninke takardar na cusa a jaka, na hau adaidaita, har muka wuce layinmu ban ce a tsaya ba. Abin da ke cin raina ɗaya ne: Yaya baiwar Allah ta shekara goma sha a gidan nan lafiya lau da 'ya'yanta, ni na shigo jiya jiya, ga abin da takarda ta ce. Wa za a nuna da yatsa in ba amarya ba?

Ranar girkinta ne. Ta shigo da kwanon tuwo ta tarar da ni zaune a ƙasa ko hijabi ban cire ba. Ta ce, "Amarya, lafiya?" Na karanta mata. Ta yi shiru jim, ta ajiye kwanon, ta zauna kusa da ni har gwiwarmu na gugar juna. Ta ce, "To ai miji ɗaya gare mu. In yana jikinki yana nawa. Gobe mu ukun za mu je. Ci tuwonki kafin ya huce." Ba ta tambaye ni komai ba, ko da ido. Kuma har yau maganar ba ta fita zauren gidan ba.

Washegari aka yi mana wani gwajin na tabbatarwa, mu uku duk babu komai, har ni. Aka ce na farkon ne ya yi ƙarya, muka yi hamdala muka manta. Cikin ya zube a wata na biyar.

Ashe takardar nan da ta kusa tsayar mini da zuciya ita ce za ta nuna hanya. Likitar jini da aka tura mu wurinta a asibitin koyarwa tana buɗe fayil ɗina, sai ta tsaya a kanta. Ta ce gwajin tunjere na matakin farko da wani maiƙo ake haɗa shi, kadiyolifin, wanda daga zuciyar saniya aka fara tace shi a 1941. Akwai mutanen da garkuwar jikinsu kan ƙera sojojin da ke manne wa irin wannan maiƙon, sai gwajin ya nuna ciwon da babu shi. Sojojin nan dai su ne ke sa jini ya riƙa dunƙulewa a jijiyoyi, har a mabiyiya, sai abincin ɗan tayi ya yanke. Ciwon antifosfolifid ake ce masa, wasu su ce ciwon Hughes, don likitan Birtaniya Graham Hughes da ya yi bayaninsa a Landan a 1983. Ina zaune ina sauraro, abin da ya fara zuwa raina shi ne: ashe abin yana da suna.

Masu tambayata a ɓoye, gwaji uku ne: antikadiyolifin, da anti-beta-2 gilaikofurotin, da lufus antikowagulan. Na ƙarshen nan ɗan rainin hankali ne, a kwalba jinkirta daskarewar jini yake yi, a jiki kuma shi ke gaggauta ta. Kuma kada wadda ta ga nata ya nuna sau ɗaya ta yanke wa kanta hukunci, don ko zazzaɓin wata cuta kan tayar da sojojin nan na ɗan lokaci su kwanta. Sai an sake bayan aƙalla sati 12, an kuma samu.

Ina gode wa malamin ɗakin gwaji, dattijon nan mai tabarau a goshi. Ranar Juma'a na je da kuɗina a hannu, ya ƙi ɗibar jinin. Ya nuna mini kwalba mai shuɗin murfi, ya ce wannan sai an juya ta a inji sau biyu, an daskarar da ruwan, an sa a kula da ƙanƙara a tura Legas, mai ɗauka kuma sai Litinin, ga wuta ba tabbas. Ya ce, "Hajiya, kada kuɗinki ya narke a firij ɗinmu." Na fita ina ƙunƙuni. Allah ya yafe mini, shi kuma Allah ya sa ya gama da duniya lafiya.

Sati 12 ɗin nan, kwana 84, su ne mafi tsawo a rayuwata. Likita ta ce a dakata da neman ciki har sakamako ya fito. A nan ne maganganu suka yi ta shigowa: wannan ta ce wabi ne na gado, waccan ta ce namijin dare, wata ta aiko da ƙullin hayaƙi tun daga ƙauye. Wadda ta aiko da hayaƙi ma na gode mata, ko ba komai ta tuna da ni. Akwai na jikina ƙwarai da ko waya ba su ɗaga ba, kwana tara ina kwance a asibiti ban ga ƙeyarsu ba, amma ranar suna su suka riga kowa shimfiɗa tabarma. Ba komai. Sun ci, sun sha, Allah ya bar zumunci.

Gwaji na biyu ya sake nunawa. Da ciki ya samu aka ɗora ni a kan ƙaramin asfirin mai miligiram 75 da allurar hefarin kullum, wato Clexane. Na roƙi a ba ni ƙwaya a madadinta, likita ta ce ƙwayar, wato wafarin, na illata ɗan tayi, hefarin kuwa ba ya ƙetara mabiyiya. Hannuna ya kasa huda cikina. Yaya ta je ta koya a wurin nas. Kullum sai ta laluba inda jini bai kwanta ba, yau dama gobe hagu, ta yi bisimilla ta soka. Ko ranar da muka ɗan sami saɓani kan yara, ƙarfe tara na yi ta ɗaga labule da audugarta.

Ta hana ni ambaton ta a nan. To ban faɗi suna ba, amma duk wanda ya halarci raɗin suna ya ji sunan da aka raɗa wa yarinyar, ya kuma san dalilin da ya sa ba zan iya kiran sa da bakina ba.

Maigida, na ga ranar da babur ya bar ƙofar gida ka ce wai gyara aka kai shi. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Malaman makarantarmu da suka bar mini kwasar adashi sau biyu ba layina ba, Allah ya buɗa muku ta inda ba ku zato. Inna da ta kwana arba'in tana hura wutar ruwan wanka, Allah ya ba ki Aljanna ba hisabi. Likitata da ungozomomin daren tiyata, Allah ya tsare ku, ya tsare zuri'arku. Ya Allah, duk macen da ta naɗe kayan jarirai ta mayar cikin akwati, ka share mata hawaye, ka haɗa ta da wanda zai duba takardarta da kyau. Ukun da suka riga mu, ka sa su zame mana masu ceto. Amin summa amin.

Wata mai zuwa zan koma wurin likita kan maganar tazarar haihuwa, don ta riga ta gargaɗe ni cewa ƙwaya mai sinadarin istirojin ba tawa ba ce. Sannan masu kwanuka da kulolin ranar suna, don Allah a turo yara su ɗauka. Akwai wata babbar kula ja mai karyayyen hannu, har yau ba mu gano mai ita ba.