Godiya Bayan Zaman Karrama Marubutan Barkwanci na Talabijin

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, zaman da muka shirya a Tudun Wadan Zariya domin karrama marubutan wasan barkwanci na farkon talabijin ya tashi lafiya. Muna godiya ga iyayenmu dattawa da suka amsa gayyata duk da tsufa da ciwon ƙafa, wasu daga cikin birni, wasu tun daga Kaduna. Haka nan malaman wasan kwaikwayo da ɗalibansu da suka taso daga Samaru, da Alhajin da ya ba mu aron zaure da janareta. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga Baba da ya zauna ya warware wa matasa yadda aikin yake. Daga 1962 da talabijin ya fara aiki a Kaduna, har bayan kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, a 1977, marubucin barkwancin Hausa ba kasafai yake rubuta kowace kalma ba. Ƙashin labari yake kawowa, shafi ɗaya ko biyu, a buga a tafireta da takardar kabon don kowa ya samu. Kowace fitowa a faɗi wa ke ciki, me ya kawo shi, me yake ɓoyewa, da maganar da za a rufe da ita. Sauran kuwa ɗan wasa ne zai cike da bakinsa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka aikin banza ne, alhali nan gwanintar take: in ƙashin ya karkace, duk iya bakin ɗan wasa surutu kawai zai yi.

Shirin rabin awa fitowa biyar ko shida ta ishe shi, a wuri biyu ko uku, domin abin da ɗakin ɗauka zai iya ci ke nan: zaure, tsakar gida, wataƙila ofis. Maganar rufewar nan ita ce alamar da darakta ke jira ya sauya kyamara. In ɗan wasa ya ji ma'aikata na dariya ya zarce, lokaci ya ƙure, fitowar ƙarshe inda asiri ke tonuwa ita ce za ta sha matsi. In mutum biyu suka yi magana tare, makirufo ɗaya da ke rataye sama ya cakuɗa su, raha ta ɓace. A farkon zamanin hoton baƙi da fari ne, saboda haka dariyar da ta dogara ga launin riga ta mutu tun a takarda. Tef kuma da tsada, yanka shi da wahala, kuskure a ƙarshen fitowa yana nufin a koma farkonta.

Mun ji daɗin addu'ar da aka yi wa marigayi Kasimu Yero, ɗan Zazzau, da ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, Samanja, da ya rasu a 2023. An tuna mana cewa Samanja ya yi soja da gaske, shi ya sa barikin wasansa bai taɓa yin kama da na ƙirƙira ba. Allah ya jiƙan su. Abin da ke damun mu shi ne marubutan da fuskarsu ba ta fito ba, aka haddace barkwancinsu aka manta sunayensu. Tef da yawa an goge an ɗora wani shiri a kai, takardun ne kaɗai shaidar da ta rage.

Don haka muna roƙon 'ya'ya da jikoki masu irin waɗannan takardu a akwati: kada a manne su da leda mai zafi, tawadar kabon ba ta jurewa. A cire tsatsattsun ƙusoshi, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye su nesa da laima da gara. Tsohon kaset da ya yi fumfuna kuma kada a saka shi a inji, a kawo mana a gani tukuna. Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.