Mako na bakwai da QGIS: ruwan Haɗeja bai tsaya inda na zana masa ba

'Yan uwana masu koyon zanen taswira a kwamfuta, yau mako bakwai ke nan da na fara ƙoƙarin fitar da iyakar inda ambaliya kan kai a kwarin Kogin Haɗeja, tun daga Ringim har zuwa Auyo da garin Haɗeja, kuma lokaci ya yi da zan gaya muku inda aka kwana. Na zaɓi wannan yanki ne saboda ambaliyar daminar 2022, wadda ta cinye gonaki ta kuma rushe gidajen ƙasa a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Jigawa, sannan ina da kawu a wani ƙauye kusa da Auyo wanda zan iya bugawa waya duk lokacin da taswira ta faɗi abin da hankalina bai kwanta da shi ba.

Shirin kayan aiki bai ba ni wahala ba. Manhajar QGIS, wadda ake zana taswira da ita, kyauta ce, haka ma bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour na Amurka ya auna da rada (na'urar da ke aika sigina ta karɓi dawowarsa) cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, kowane ɗan murabba'i a cikinsu yana wakiltar kusan mita 30. Shawarata kawai ita ce ku mayar da aikin zuwa tsarin UTM (tsarin awon taswira da ya raba duniya shiyya-shiyya), shiyya ta 32 ta arewa, tun da wuri, domin awonku ya fito da mita maimakon digiri.

Hanyar da na fara bi ita ce wadda kowane ɗan koyo ke farawa da ita, wato a ɗauki ƙasa tamkar ƙwarya, a ce wa kalkuletar manhajar ta shafa shuɗi a kan duk murabba'in da tsayinsa bai kai adadi kaza ba. Taswirar ta fito da kyau ƙwarai, amma ba ta faɗi gaskiya ba. Kogi gangara yake yi, don haka adadin da ya nutsar da Haɗeja baki ɗaya ya bar Ringim a bushe, alhali kowa ya san Ringim ta sha ruwa a shekarar. Ga kuma ƙananan kwarurruka da ke tsakanin jigayi, nesa da kogi, duk sun zama shuɗi ba tare da wata hanyar da ruwa zai bi ya isa gare su ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin na gane shi ne cewa SRTM yana ba da tsayi ne da cikakkun mitoci, babu rabi babu kwata. A ƙasa mai tsaunuka wannan ba wani abin damuwa ba ne, amma a shimfiɗaɗɗiyar fadama irin ta Haɗeja, inda ruwan da ya kai gwiwa ya isa ya jiƙa gindin katangar laka har ta zube, mita ɗaya babban abu ne. Da na ƙara mita ɗaya tak a lissafin, sai bakin shuɗin ya yi tsalle ya haɗiye ƙauyuka da dama a lokaci guda. Kuskuren da ke cikin awon ya fi zurfin ruwan da nake nema girma. Na koma ga bayanan tsayin ƙasa na Copernicus, shirin Turai, waɗanda su ma na mita 30 ne amma sun fi sabunta kuma suna ɗauke da ɓangaren mita, sai abin ya yi sauƙi, ko da yake su ma saman bishiyoyi da rufin gidaje suke aunawa, har wani kurmin da ke bakin kogi ya fito kamar tudu. Daga nan na daina amfani da adadi ɗaya, na koma auna tsayin kowane wuri daga hanyar ruwan da ta fi kusa da shi, kuma wannan ne ya warware matsalar gangarar.

A mako na biyar na sauke hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-1, mallakar Turai, ɗaya na rani ɗaya na watan Satumbar 2022. Amfanin rada shi ne tana ratsa gajimare, kuma ruwa mai kwance yakan fito baƙi a hotonta. Sai dai busasshen yashi mai laushi shi ma baƙi yake fitowa, wanda ba ƙaramar matsala ba ce a jihar da ta samo sunanta daga jigawa, shi ya sa dole a kwatanta da hoton rani a cire wuraren da dama can baƙaƙe ne. Akasin haka kuma, ruwan da ke kwance a ƙarƙashin shinkafa ko ciyawar kacalla yakan fito da haske, kamar babu ruwa a wurin.

A nan ne na buga wa kawu waya. Na tambaye shi wata gona da ke gabas da ƙauyen, wadda lissafina da hoton rada suka yi ittifaƙi cewa ruwa bai taɓa ta ba. Ya ce mini, "Ɗana, ai a kwalekwale muka shiga gonar nan, kacalla ce ta toshe tsohuwar hanyar ruwan, shi kuma ya nemi wata." Ya ƙara da cewa har yanzu shatin ruwan yana nan a jikin bangon masallacinsu. Na roƙi ɗansa ya tsaya a gindin bangon ya turo mini wurin ta wayarsa, ya kuma auna tsayin shatin da tef ɗin magina. A ganina wannan ɗigo guda ya fi yawancin shuɗin da na shafa daraja, domin shi kaɗai ne na san an auna shi da hannu a inda ruwan ya tsaya.

Yanzu ina tattara irin waɗannan ɗigogi daga ƙauyuka maƙwabta kafin in taɓa HEC-RAS, manhajar injiniyoyin sojan Amurka da ke lissafa tafiyar ruwa da saurinsa. Ita tana buƙatar a gaya mata yawan ruwan da ke shigowa daga sama, wato daga Kogin Kano da ke ƙarƙashin madatsar Tiga ta 1974 da Kogin Challawa da ke ƙarƙashin tasa madatsar ta 1992, kuma neman waɗannan alƙaluma shi ne aikina na mako mai zuwa. Duk wanda ya riga ni gwada ta a ƙasa mai shimfiɗa irin wannan, ina roƙonsa ya faɗa mini yadda ya zana cikin kogin da kansa, tunda rada ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa.